Ido-Huɗu da Jirgin da Jikata Ba Ta Ji

Kullum da safe, kafin mai gyaran takalmi ya baza kayansa, Ido-Huɗu ya riga ya buɗe shagon buga alluna, ya goge tabarau da bakin riga, ya miƙa wuya gaban kwamfuta kamar zakara ya hango tsaba. Ni na raɗa masa sunan, har matarsa ta karɓa. Ita ce ma ta tsegunta min wai ya fi hira da kwamfutar a kanta. To, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, hannu ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki biro in rubuta masa godiya, duk da karatuna bai taka kara ya karya ba.

Ina da jika mace, kurma ce tun haihuwa. Layin dogo ya ratsa tsakanin gidajenmu da makarantarsu, ga kwana a wurin, ga bango ya tare gani. Kowa ya ji kukan jirgi zai ja baya, ita sai ta gani. Tun da iska ta cire tsohon allon gargaɗi, wurin ya zauna ba gargaɗi. Jirgi ya yi kuka ina wanki, sai sabulu ya suɓuce min, in kasa kunne ko za a yi ihu.

Surukina, sarkin gaggawa, ya samo ɗan hoton jirgi a waya ya ce a buga ƙato a kafa. Na ja yarinyar muka tafi shagon. Ido-Huɗu ya faɗaɗa hoton a kwamfuta, sai jirgin ya watse, ya koma ƙananan akwatuna dishi-dishi. Maimakon ya buga, ya juya mata fuskar kwamfutar. Ta leƙa, ta yi dariya, ta yi mana alamar gida da hannu. Gida! Jirgin ne ta ɗauka gida. Da an kafa wannan, da ta kalla ta wuce abinta.

Na ce, "Malam, gyara mana shi mana. Ko tabaran ne suka gaji?"

Ya ce, "Iya, bakinki ne dai ba ya gajiya. Hoto iri biyu ne. Wannan tsakuwa ce aka jera, in kin ja shi sai tsakuwar ta bayyana. Ɗayan kuwa zare ne a kan ƙusoshi. Ki matsar da ƙusa, zare ya bi, ko girman bango kike so ba ya fashewa."

Sai ya fara kafa ɗigo yana haɗawa da layi. Da'ira ta zama ƙafar jirgi, ya lanƙwasa goshinsa, ya sa fitila, ya zana yarinya da jakar makaranta tsaye cak a gefe. Yana yi yana juyo mata. Ta girgiza kai, ya goge. Can ya matso da ƙusoshin gaba, jirgin ya zama kamar zai faso gilashi. Yarinyar ta ja da baya ta damƙi zanina. Ya ce, "Yanzu a buga."

Mai sayar da lemo ta bakin layi, wadda ba ta ƙara gishiri sai a zancen maƙwabta, ta rantse min a kan abin da ta gani. Bayan an kafa allon a bakin layin dogo, wata safiya yarinyar ta makara, ta taho a guje, jirgi kuma ya kunno kai daga kwana. Mutane na ta ihu, ihun banza. Ta ɗaga ido ta ga allon, ta tsaya cak kamar ta cikin zanen, ta waiga. Iskar jirgin ce ta fizge mata ɗankwali. Da na ji, a ƙasa na zauna.

Ido-Huɗu, kai ne ka tambayi idon da zai kalla kafin ka buga. Kai ne ka goge aikinka don kurma ta girgiza kai. Mai zare da ƙusa, na gode, Allah ya huta gajiyarka, ya riƙe hannun nan mai rawa. Na ce maka rana za ta cinye fenti, ka ce zanen na nan a ajiye, kowa zai iya sake bugawa.

Ku masu shagunan buga alluna, ku koyi wannan. In an kawo muku hoto, kar ku ja ku miƙa, ku tambaya wa zai kalla. Ni dai har yau in jirgi ya yi kuka gabana na faɗuwa, amma sabulu ya daina suɓuce min.