Ranar da Na Ware Kayan Sumo Kamar Albasa

Tun da ɗiyata ta fara rarrafe hankalina bai sake kwanciya ba. Duk abin da hannunta ya taɓa, baki take kai shi: tsakuwa, ƙwayar wake, maɓalli, har kashin awaki na taɓa zaƙulowa da yatsa. Sau huɗu nake share tsakar gida a yini. Inna, uwar mijina, takan ce in ban bar ƙasar nan ta huta ba wata rana sai na tono ruwa.

Ana cikin haka, da rani, albasarmu ta fara yin kai, sumo ya tsaya. Sumo shi ne injin nan mai kama da taɓarya da ake zurawa cikin burtsatse ya turo ruwa zuwa garka. Maigida ya jawo shi ya kawo gida, ya raba shi biyu, ya ɗauki rabin da wuta ke shiga ta juya komi. Ya shimfiɗa buhun taki a gindin dogon yaro, ya tsiyaye man ciki a kwano, ya kama kwancewa. Duk abin da ya cire sai ya aje shi bayan ɗan'uwansa, daga dama zuwa hagu. Ni kuwa ina gefe, yarinya a cinya na riƙe ta tamau, idona a kan hannunsa. Kowane ƙarfe ya aje, sai na auna shi da maƙogwaronta a zuciyata.

Ya ce boris ɗin sama, wato zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki, ya cinye, zai je Wurno ya sawo wani. Ya hau babur ya bar mini buhu cike da abin haɗiya a tsakiyar gida, ga wanki yana jirana, ga furar da ban dama ba. Na kwashe su kaf. Da yake a gidan manoman albasa na tashi, hannuna ba ya iya barin babba da ƙarami a cakuɗe. Manya na sa a faifai, matsakaita a murfin kwano, ƙanana cikin gwangwanin madara. Na goge su ƙal da tsumma na ɗora bisa katanga. Har ina jiran yabo.

Da ya dawo ya tsaya a kan buhu wayam. Na nuna masa katanga ina murmushi. Ya zauna ƙasa a hankali ya cire hula, ya ce sau ɗaya tak ya taɓa ganin an buɗe irin wannan injin, jerin nan shi ne duk karatunsa.

Inna ta leƙa faifai ta ce, "To, tunda an ware, sai a kira dillali."

Ban yi dariya ba. Na sauko da kayan, na ɗauki wani faffaɗan ƙarfe mai huda a tsakiya na ce wannan shi ya biyo bayan murfi, don na tuna na ce ba ya wuce wuyanta. Bayansa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar gammo, wanda na ce in ya shiga sai asibiti. Bayansa baƙar roba. Maigida ya dube ni kamar yau anka kawo ni gidan.

"Ke, mi kika sani ga inji?"

"Ban san inji ba, Malam. Wuyan ɗiyata na sani."

Haka munka maida jerin, ina faɗi yana ajewa. Sai ya faro daga hagu. Ya zura sabon boris a kan sandar ƙarfen nan mai nauyi, yana bugawa a hankali da guntun icce. Ya miƙa hannu zai ɗauki na gaba, ya tsaya. Ya ce akwai wani ɗan zobe mai baki a buɗe, kamar ɗan kunne, wanda ke tare boris kada ya zame. Munka zazzage gwangwani, babu. Munka kakkaɓe buhu, babu.

Na juya. Ɗiyata tana zaune bakin turmi tana tauna wani abu, tana kallonmu da fara'a.

Ban san lokacin da na sure ta ba. Na buɗe bakinta, na danna cikinta, ta ɗauka wasa ne tana ƙyalƙyala dariya. Inna ta ce in kwantar da hankali, abin da ya shiga gobe da safe zai fito, a wanke a sa ma injin. Na ce ni asibiti za ni yanzu. Na jefa ta a baya, na kama haɓar zanena zan ɗaure, sai na ji ƙulli.

Zoben ne. Shi na fara tsincewa tun kafin babur ya bar ƙofar gida, don duk ya fi su daɗin haɗiya, na ƙulle shi na manta. Abin da take tauna kuwa lawashin albasa ne.

Maigida ya karɓa yana danne dariya, kafaɗunsa suna rawa. Ya maƙala zoben, ya zura sandar cikin wayoyin jan ƙarfe yana lallaɓawa kada ta karce su. Ya shafa wa robar mai ya zaunar da ita, ya rufe murfi, ya ɗaure notuna, wannan sai na daura da shi. Ya cika man ciki, ya murza sandar da yatsu biyu ta juya sumul. Kafin la'asar ruwa yana gudu a kwamin albasa. Har yau in baƙi sunka zo Inna takan ce su gaida makanike, ta nuna ni.

Roƙona ga masu kwance inji a gida: ku yi aikinku bisa tebur ko katanga, inda mai rarrafe ba ta kaiwa. Kuma kafin ku hau babur, ku gaya wa matar gida cewa jerin nan da gangan kunka yi shi.