Hayaƙin Bagaruwa

Babana ya baro gonakin auduga na Jazira da huhu a lalace. Kaki ya cika masa ƙirji, ba ya fita sai da wahala. Wata rana a gidanmu na Dar Salam, Goggo, yayarsa, ta zuba bagaruwa a kaskon garwashi, ta rufe taga, ta lulluɓe shi da mayafinta. Yana tari kamar ransa zai fita, ita kuwa tana cewa, "Alhamdulillahi, magani ya kama."

Mutumin da ƙurar auduga ta cinye, shi za a ƙara wa hayaƙi? Na fizge kaskon na watsar a tsakar gida.

Har yau dangi suna zancen rashin kunyata. Ba wanda ke tuna yadda idanunsa suka firfito yana neman iska.