Hajaratu Mai Daddawa da Littafin Ƙunshi

Duk faɗin Ƙanƙara, in kana neman wadda ba ta yarda da kowa ba, ka tambayi gidan Hajaratu mai daddawa. Ita ce za a auna wa kalwa ta tauna ƙwaya ɗaya tana kallon ƙwayar idon mai awo. Ko an ce an ga wata, sai ta fito tsakar gida ta duba da kanta. Shekara huɗu ke nan da ta baro ƙauyensu na wajen Sabuwa, ranar da 'yan bindiga masu babura suka shigo. Kwana biyu ta yi tana ratsa gonakin dawa da ƙafa kafin ta ga titi. Ta kama ɗaki a unguwar nan, ta kama sana'ar uwarta, warin tukunyarta ya hana maƙwabta shanya.

Mutum ɗaya ta taɓa buɗe wa ciki, Esther mai ɗinki, da ke gidan da ke kallon nata. Ta gaya mata cewa ranar gudun, tana kwance cikin dawa, ta ji Suwaiba maƙwabciyarta ta karye a ƙafa tana kiran sunanta, ita kuwa ta yi gum. Suwaiba ta rayu, tana Faskari wurin ɗanta tana ɗingishi, har yau ba ta san an ji ta ba.

To, Hajaratu tana sayen tsofaffin takardu ranar kasuwa don ƙunshin daddawa. Da yake ta ɗan taɓa yaƙi da jahilci, ba ta yaga shafi sai ta bi shi da yatsa, kada ta naɗe daddawa da aya. A haka ta ci karo da wani littafi marar bango. Labarin 'yan mata shida ne 'yan makarantar kwana, motarsu ta mutu a daji, wani abu mai aron muryar mutane yana ɗauke su ɗai-ɗai. Ta shiga neman aya, ta ɓuge da karatu har kalwa ta kama a tukunya.

Ana nan sai ta iso wani shafi. Yarinya tana kwance cikin ciyawa, ƙawarta tana kiran sunanta, ta toshe baki ta ƙi amsawa.

Hajaratu ta ajiye littafin kamar ta taɓa garwashi. Wa ya faɗa? Ba ta yi nisa da lissafi ba. Esther tana da ɗa, Istifanus, yana karatu a Zariya, kullum ya zo hutu kansa na cikin waya yana latse-latse. Ashe ita ake latsawa. Gobe littafin ya kai Faskari, wani ya karanta wa Suwaiba, ina za ta sa kanta?

Ta daina gaisuwa. Ta tsallaka ta karɓe atamfarta da ba a ko yanka ba. Kwana uku Esther tana ganin ikon Allah, ran na huɗu ta yi sallama da hantsi.

"Hajaratu, mi na ci maki?"

"Ki tambayi ɗan bokonki, Maman Istifanus. Nawa aka ba shi?"

"Aka ba shi na mi?"

Ta cilla mata littafin. Esther ta sa tabaron ɗinki ta karanta shafin, ta ɗago a hankali.

"Yaron da ko wasiƙa ba ya rubuto mani? Kin kai ƙarshe?"

"Abin da na gani ya ishe ni."

"Halinki ke nan, ki ɗanɗana gishiri ki ce kin ci miya. Karanta gaba, ina zaune."

Hajaratu ta ci gaba, ba don ta huce ba, don ta ƙara kama shaida. Yatsa na tafiya, baki na motsi. Can sai ta yamutsa fuska. 'Yan matan sun tashi gudu, marubucin har da cewa silifas ɗinsu na fat-fat a dugadugai. Sun samu burtalin shanu, sun bi shi miƙe. Sun ratsa gonar dawa ta kusa nuna, wai ƙishirwa za ta kashe su.

"Kai, wannan maƙaryaci ne. Wa ke gudu da silifas? Ai su kake fara tuɓewa ka ɗaure a zane. Burtali kuma tsallake shi ake, nan babur ke bi. Ga kara ko'ina, a karya a tsotsa, sun tsaya kuka. Wanga ko akuya bai taɓa kora ba."

Esther ta ce, "Sau nawa kika ba ni labarin takalman nan?"

Hajaratu ta lissafa a ranta. Ya fi sau ashirin.

"Da ke kika ba shi," ta ce da ƙyar, "ai da kin tuɓe masu."

"To, alhamdu lillahi, in ji ku."

Amma Hajaratu ce. Ta sake jawo littafin ta koma wancan shafin.

"Daji bai san shi ba, na yarda. Dodon ma bai ba ni tsoro ba, na ga waɗanda suka fi shi da rana tsaka. To wannan wurin fa, ina ya samo shi?"

Esther ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi.

"Kina tsammani ke kaɗai kika taɓa yin shiru a ƙasar nan?"

Hajaratu ta ƙura mata ido, irin kallon da take wa masu awo.

"Ke ma?"

"Ƙulla mani daddawa, miyata na kan wuta."

Hajaratu ta yage shafin, ta naɗe curi biyu a ciki, ta danƙa mata a hannu.

"In kin kwance, ki sa takardar a murhu."