Muryar Kaka a Ƙasan Akwati

Kakata Hajo ba ta yin tatsuniya sai hannunta na aiki. A Garu muke a lokacin. Bayan magariba takan ɗora tukunyar turara shinkafa, mu jikoki mu kewaye murhu, muna jira ta gama faɗa da itacen da ya ƙi kamawa. Ni take fara tsokana: "Maigidana, ko cefane ba ka kawo ba, taho ka zamna."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wani manomi da ya samu irin albasa da babu kamarsa a duk bakin kogi. Don tsoron kada ya ƙare, ya zuba shi a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ɗaka. Ƙanwarsa ta roƙi cikin tafin hannu, ya ba ta da ƙyar. Ita kowace shekara sai ta shuka, ta cire sabon iri, ta ba maƙwabta. Bayan shekara bakwai manomi ya tono tulunsa yana taƙama. Ya shuka, ya yi ban ruwa, ko tsiro ɗaya bai gani ba.

"Iri shina nan ƙwaya-ƙwaya, ko ɓera bai taɓa shi ba," in ji Kaka, "amma ya mutu tun tuni. Ba ajiya anka yi ba, bizne shi anka yi."

Wata rana kawuna ya zo da rediyo mai kaset daga Gaya, ya ɗauki muryarta, har da tarinta da dariyarmu. Shekarar da ta biyo ta rasu. Kaset ɗin ya zauna wajen Inna, mahaifiyata.

Da na girma na koma Malanbil ina kasuwanci, kaset ya fara jan murya. Na kai shi wani shagon kwamfuta don a kwafe muryar a wani abin ajiya. Mai shagon ya ce in zaɓa: faifai, ko ɗan abin ajiyar nan da muke kira kile. Ya ba ni shawara in yi duka biyun, in ba wani ɗan'uwa ɗaya, in riƙa sake kwafa lokaci-lokaci. Na ga surutu ne kawai. Na zaɓi kile, na naɗe shi a tsumma, na kulle a ƙasan akwatin ƙarfe, cikin ɗakin kwano mai zafi kamar tanda. Kaset kuwa ni da bakina na ce wa Inna zamaninsa ya wuce, aka zubar.

Bana idon Inna ya tafi, jiki ya yi nauyi. Ta ce, "Ɗana, ka kawo min muryar uwata in ji." Na buɗe akwatin da na shekara goma ban duba ƙasansa ba. Kile na nan fes, ko tsatsa babu. A kwamfuta uku aka gwada shi, babu komai a cikinsa.

Tatsuniyar da na ji ya fi sau hamsin, sai yanzu na gane da ni take, kuma baƙin cikin ya hana ni sakat. Na zauna gefen tabarmar Inna na faɗa mata gaskiya, sannan na ba ta labarin manomin da bakina. Ta saurara har ƙarshe.

"Ka iya," ta ce. "Amma ni ba labarin nika so ba."