Katina Yana Can, Bangon Inna Yana Nan

Ɗakin Inna shi ne na ƙarshe a gidanmu, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe a layinmu na unguwar Sabo a Ibadan, can ƙasan gangare. Duk ruwan saman da ya sauka a tudun Mokola sai ya bi ta bayan ɗakin nan kafin ya wuce. Akwai tsohon lambatu a wurin tun ina ƙarami, amma gefensa da ke jikin gidanmu ya zube, sai ruwa ya koma cin gindin bangon kai tsaye. Ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Marigayi Baba ne ya gina shi, kuma tun da ya rasu Inna ba ta taɓa kwana a wani ɗakin ba.

Ita ta fara ganin tsagar. Wata safiya ta kira ni, ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ta zura shi a bango daidai ƙasan taga. Tsinken ya shige har rabi.

"Ka gani?"

Na ce na gani, zan kira magini ya liƙe. Magini ya zo, ya zagaya baya, ya tsuguna ya leƙa gindin bangon, ya dawo yana kaɗa kai. Ya ce ko buhun siminti goma na zuba a tsagar nan ɓarna ce, ciwon yana ƙasa. Sai an sake gina gefen lambatun da kankare tun daga saman layi, wannan kuwa ba aikin mai gida ɗaya ba ne, aikin ƙaramar hukuma ne. Ya ce bangon zai iya jure damina ɗaya. Ta biyu kuwa, ya ce ba zai lamunce ba.

Ni tela ne. Shagona yana bakin titi ta wajen Mokola, kuma ina da baki, ban taɓa musun haka ba. Sau uku na ɗauki dattawan layinmu muka je wurin kansilan mazaɓarmu. Mutum ne mai daɗin hira, yana jin Hausa kamar ni, a cikinmu ya tashi. Duk zuwa sai ya miƙe tsaye ya tarbe mu, ya sa a kawo ruwa mai sanyi, ya ce in sha Allahu magana tana teburin ciyaman. Shekara ta zagayo tana teburin ciyaman. Tsagar kuma ta daina karɓar tsinke, ta koma karɓar ɗan yatsan Inna.

Ana haka aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, dab da faɗuwar damina. Kansila ya fito neman komawa. Ranar wata Juma'a ya aiko wa masallacin layinmu sababbin tabarmi da butoci, har da agogon bango. Mutane suka ce kai, wannan ya san darajarmu.

Mai neman kujerar tasa wata Bayarabiya ce, tsohuwar malamar makaranta, Iya muke ce mata. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ranar da ta shigo layinmu ba ta zo da makaɗa ba. Takalmin roba na shiga ruwa ta saka, ta sauka cikin lambatun da kanta, ta ciro tef daga jaka ta auna faɗinsa da tsawon inda ya zube, ta rubuta a ɗan littafi. Ni kuwa duk wanda ya auna kafin ya yi magana, ya gama da ni, don sana'ata ke nan. Daga nan ta shiga ɗakin Inna, suka zauna a bakin gado suna Yarabanci. Ta sa yatsa a tsagar. Ba ta yi alkawarin komai mai girma ba. Ta ce kansila ba shi da kuɗin gina lambatu, amma shi ke kai magana gaban majalisa ya tsaya a kanta, kuma in ta shiga, wannan ce ta farko da za ta kai.

Daga ranar na zama ɗan kamfen ɗinta ba tare da ta sani ba. Kullum bayan la'asar majalisa ke cika a ƙofar shagona: direbobi, 'yan canji, masu albasa da suka taso daga Kasuwar Bodija. Na hana su sakat.

Wani mai albasa ya ce, "Haba malam tela, mace? Kuma Bayarabiya? Ga namu a tsaye?"

Na ce, "Naku ɗin shekara nawa yana ba mu ruwan sanyi? Buta ce za ta tare maka ambaliya? Agogon nan da ya rataya mana, lokacin da bango zai faɗi zai nuna mana?"

Aka yi dariya, wasu suka ji haushi. Wani dattijo ya ce in rage murya, mu baƙi ne a garin nan, ba a son a gan mu muna ja da mai ci. Wallahi maganar nan tana ƙona min rai. Na ce masa a Sabo aka haife ni, a Sabo aka haifi ubana, baƙuncin nan yaushe zai ƙare? Na yi ta yi, yau da gobe, har sai da fiye da mutum ashirin suka ce sun ji, Iya za su yi. Har lissafa su nake yi da yatsu ina taka keken ɗinki.

To ga abin da ban tsaya na lissafa ba.

A Sabo muna da wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta. In babban zaɓe ya zo, na shugaban ƙasa da gwamnoni, 'yan siyasar Arewa kan turo motoci kyauta, a kwashi maza a kai su "gida". Ka ga dangi, ka ci tuwon dawa, ka dangwala, a dawo da kai, ko sisinka ba ka kashe ba. Don haka lokacin rajista ma can muke zuwa mu yanki kati. Baba ne ya kai mu, ni da yayyena, wani gari a Arewa da kakanmu ya baro tun yana saurayi. Ya ce mutum ya bar sunansa a tushensa. Garin nan, in na ƙirga duk kwanakin da na taɓa yi a cikinsa, ba za su cika wata biyu ba. Na zaɓi gwamnansu, na zaɓi ɗan majalisarsu, ban san ko titin ƙofar gidansu ba.

Inna ce kaɗai ta ƙi. A lokacin ta ce wa Baba ita ƙafarta ba za ta ɗauki zaman mota na kwana guda ba, kuma nan aka binne mahaifiyarta. Ta tafi makarantar firamare da ke saman layi ta yi rajistarta. Mun yi ta tsokanarta, muna ce mata 'yar Ibadan.

Na san katina na can ne, ba mantawa na yi ba. Amma a raina cewa nake wannan ai zaɓen unguwa ne, ƙaramin abu, ba za a tsananta ba. Wa bai san ni ba a Sabo? Rabin kaftanin da ake sawa ranar Sallah a layin nan daga hannuna ya fito. Ana saura kwana biyu Inna ta tambaye ni, tana tsince shinkafa, ko katin nawa zai ci a nan. Na ce, "Inna, ki bar min wannan." Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tsintarta.

Ranar zaɓe Asabar ce, an hana ababen hawa, babu keke babu babur ɗin okada. Inna ta ɗaura zane, ta ɗauki sandarta, ta riƙe hannuna muka hau gangaren nan da ƙafa. Sau huɗu tana tsayawa tana mai da numfashi. Gari ya yi lumshi tun safe, ba iska, zufa kawai ke tsiyaya, hadari ya taru baƙi ƙirin a saman Mokola ya ƙi sauka. Layin masu zaɓe bai da tsawo. Yawanci tsofaffin mata ne da maƙwabtanmu Yarabawa.

Inna ta miƙa kati, aka ga sunanta, ta shiga ta dangwala. Na miƙa nawa. Ma'aikaciyar zaɓen ta bi takardun sunaye da yatsa har ƙarshe, ta sake dawowa farko. Ta ce babu. Na ce ta sake dubawa. Ta ce babu. Nan na fara ɗaga murya, na yi da Yarabanci, na yi da Hausa, na nuna mata rufin gidanmu da ake hangowa daga nan. Ba ta yi fushi ba. Ta juya katin ta ɗora farce a kan sunan jihar da ke jiki.

"Baba, ga inda za ka yi zaɓe."

Na waiga ina neman mutanena ashirin. Biyar na gani a gindin bishiya, su ma an dawo da su, suna juya katunansu a hannu kamar yau suka fara ganinsu. Sauran ko fitowa ba su yi ba. A hanyar komawa na tarar da su a teburin mai shayi, an baje ana hira. Mai albasar nan ya ce min, ko a jikinsa, "Ai mu mun yi namu a gida tun bara." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Inna tana riƙe da hannuna, babban yatsanta da tawada, nawa fes, har muka isa gida.

Da yamma na koma kallon ƙirga. A akwatinmu Iya ce ta yi gaba, amma duka takardun da aka zazzage ba za su cika hular kaina ba. Da aka haɗa na mazaɓa gaba ɗaya, kansila ya koma kujerarsa. Ratar da ya ba ta ba ta kai yawan mutanen da ke zama a ƙofar shagona ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, don in samu inda zan ɗora laifin, ban samu ba.

Bayan an rantsar da su na haɗiye girman kai na koma wurinsa. Ya miƙe ya tarbe ni kamar kullum, aka kawo ruwa mai sanyi. Sai ya jawo durowa ya ciro takardar sakamako, akwati-akwati, ya shimfiɗa a gabana, ya ɗora yatsa a kan namu.

"Malam tela," ya ce yana murmushi, "'yan kaɗan da suka fito a layinku ba ni suka yi ba. Masu cewa suna sona kuma ba su da ƙuri'a a nan. To in na shiga wurin ciyaman, in ce masa aikin su wa na kawo?"

Na miƙe. Ya rako ni har ƙofa, ya ce a gaida Inna.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Muka cika buhuna da yashi muka jera a bayan ɗakin, ruwan farko ya tafi da rabinsu. Tsagar ta haura taga ta kai rufi. Inna ta daina aunawa da yatsa, don yanzu tafin hannunta ke shiga, kuma in ka tsaya a ciki kana hango hasken waje. In hadari ya haɗu ina shago, sai in ji ƙafata ta daina taka keke da kanta. Na roƙe ta ta bar ɗakin, ƙanwata ta zo ta yi kuka. Da ƙyar ta yarda ta riƙa kwana a ɗakin matata, amma da gari ya waye sai ta koma nata, ta share, ta zauna a bakin gado da carbinta. Ta ce ɗakin da ba a zama a ciki shi ya fi saurin mutuwa.

Wata Talata aka wuni ana ruwa. Da aka kira la'asar ya ɗan tsagaita, Inna ta fito tsakar gida da buta. Tana wanke ƙafar hagu bangon ya tafi. Matata ta ce ba wata ƙara mai yawa, kamar an sauke buhunan masara daga mota. Kafin in iso a guje, rufin ya kwanta a kan gadon, akwatin Baba da kwanukanta na aure suna cikin lambatu, jan ruwa yana bi ta kansu. Inna tana tsaye da butar a hannu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Yanzu tana wurin ƙanwata a wani gidan haya kusa da Bodija, hawa na biyu. Gwiwarta ba ta iya matakala, don haka ba ta sauka sai in asibiti za a kai ta. Matar da ta yi shekara saba'in tana gaisawa da duk wanda ya wuce a layinmu, yanzu ta taga take kallon mutanen da ba ta sani ba. Da aka sake buɗe rajista ni ne na farko a layi, na dawo da katina Sabo, na tisa mutum tara daga majalisa a gaba suka dawo da nasu. Lambatun yana nan yadda yake, ya fara cin bangon ɗakin da ke biye, wanda 'ya'yana ke kwana a ciki.

Ranar da sabon katin ya fito na kai mata ta gani. Ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta juya shi gaba da baya, ta miƙo min.

"Ya yi kyau," ta ce. Ta mai da ido kan taga. "Shi wancan da kuka yi ta shiga mota kuna zuwa zaɓa, an gaya masa ɗakina ya faɗi?"