Ƙwayoyin da Yaya A-tsaye ta hana

A gidan burodin da nake aiki, Yaya A-tsaye muke ce mata, don mun yi shekaru ba mu ga ta zauna a bencinmu ba. Ita ke kan teburin murji, ita ke ɗaga buhun fulawa kamar ƙato. Mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe da 'ya'yanta uku. Mun ɗauka jin kai ne ya hana ta zama da mu, ashe tsoro take kar ta tashi ta bar shaida a benci. Al'adarta in ta zo kamar an buɗe famfo, zani biyu take ɗaurawa a ƙarƙashin farar rigar aiki.

Ranar da jiri ya kwashe ta a bakin tanda, ta kusa kifawa kan farantai masu zafi, ta ce ya isa haka. Surukarta ta ce ai jinin banza ne, a bar shi ya fita. Yaya ta ce, "Inna, in ya gama fita, wa zai riƙe miki jikokin?" Ta ja mayafinta sai asibiti.

Likitar ba ta rubuta komai ba sai da ta auna jininta, ta yi mata hoton ciki, ta ishe ta da tambaya. Jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, ita ko wani nata? Tana shan maganin tazarar haihuwa? Ƙodarta lafiya? Sannan ta rubuta mata na ƙarin jini da ƙwayoyin rage zubar, a sha a kwanakin al'ada kaɗai, kar a wuce yadda aka rubuta. In ƙafa ta kumbura, ko ƙirji ya riƙe, ko gani ya canza, ta daina ta dawo da gaggawa. Kafin 'yan watanni Yaya ta murmure, har bencin ma ta ƙwace mana.

Labari ya kai kunnen Hajiya mai gidan burodin, ashe ita ma abin da ke damunta ke nan. Ta shigo da hantsi muna yankan ƙullu, ta nufi wurin Yaya.

"Ke, sam min ƙwayoyin nan naki guda shida, ba ni da lokacin layin asibiti."

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan bayar ba."

Wallahi sai da wuƙa ta suɓuce min! A wurin nan kowa maganin kowa yake sha, balle uwar ɗaki ta tambaya.

"Rowa za ki yi min? Ni da na ɗauke ki lokacin da ba ki da kowa?"

"Ba rowa ba ce. Ni sai da aka yi min tambayoyi aka ba ni, kuma ban iya tambayoyin ba. Da idona na ga ƙafarki ta kumbura bayan haihuwar autarki, har kika kwanta a asibiti. Ban san me ya jawo ba, likita ce za ta sani. Ki shirya gobe in raka ki, ni zan bi miki layin."

Hajiya ta ga an faɗi haka a gabanmu, sai ta hau sama. "To ki zaɓa, ko ki ba ni ƙwayoyin ko ki ajiye min rigar aikina!"

Na matsa ina zungurinta. "Yaya, ki ba ta ko biyu ne, ki tuna yara."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɓalle maɓallai, ta ninke rigar tsaf ta ajiye a tebur, ta kankare ƙullun hannunta a famfo, ta ɗauki jakarta.

Na bi ta har bakin titi ina hawayen takaici. "Yanzu me za ki ba yaran?"

"Zan nema. Hannuna biyu lafiya, jinina ya dawo." Ta juya ta kalli Hajiya da ke bakin ƙofa tana ta zazzaga masifa. "Ji yadda take zagina da ƙarfinta. Gara in ji wannan da in je gidanta gaisuwar mutuwa, ina sane da abin da na ba ta."