Kaka da Rediyoyin Unguwarmu

Ɗazu ɗiyata ta kunna gidan rediyon ƙasa a fartabul ɗinta, wato wayar hannu, kiɗan da ake buɗe sanarwar Hausa da shi ya tashi. Kafin in ankara na miƙe tsaye ina neman takalmi. Kada ku yi mini dariya, kakata ce ta sabar wa ƙafafuna haka.

A shekarun fari ne, soji ba su daɗe da karɓe mulki ba. Muna zaune a Yamai, babana yana aiki a wani ofishi a unguwar Filato. Kaka ta zo daga ƙauyenmu na jihar Tawa neman maganin ido, sai yunwa ta watsa ƙauyen a bayanta. Ƙanwarta, wadda suka sha nono ɗaya, ba wanda ya san inda ta nufa. A lokacin, duk wanda ya rabu da nasa gidan rediyo yake kai cigiya, a karanta bayan la'asar. Kaka ta ɗora ranta a kan wannan sanarwa.

Matsalar ita ce, ba ta yarda duk rediyoyin nan baki ɗaya suke magana da shi ba. A ganinta kowace da labarinta. Babbar rediyon babana, mai mayafin leshi, ta ce ƴar gwamnati ce, abin da soji ke so shi take faɗi. Ƴar ƙaramar da telan unguwarmu ke ratayewa a ƙusa ta fi sanin talaka. Ta cikin taksin wani direba maƙwabcinmu kuwa, tun da yawo take yini yi, dole ta fi kowa jin labari. Babana ya yi bayani har ya gaji.

"To in ɗaya ce, don mi kowa ya sayi tashi?" in ji ta. Ni kuwa na yi ta ƙyaƙyata dariya har ta jefe ni da mafici.

Da an sallame la'asar sai ta riƙe kafaɗata mu fita. Ba ta iya zama wuri guda. Mu ɗan tsaya wurin tela, rediyonsa tana shaƙewa saboda pil, wato batirin da yake shanyawa a rana ya sake sawa, sai ta ce a can wurin direba ake faɗin nata. Mu isa can, ta ce mun baro shi a baya. Wata rana har kasuwar Pati Marshe muke kaiwa, mu tsaya ƙarƙashin lasifika cikin warin busasshen kifi da yaji. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ni ina ƙunƙuni. Na tsani yawon nan, gaskiya. Kowa ta tarar sai ta maimaita masa sunan ƙauyenmu, har mutane suka haddace shi ba da son ransu ba.

Ranar da abin ya zo, kiɗan soji aka yi ta sawa, alamar suna da jawabi, kuma jawabinsu kan cinye lokacin sanarwa. Kaka ta ƙosa, muka bar tela muka nufi direba, ba mu same shi ba. Muka koma gida hannu rabbana. Ashe muna tsakanin rediyo da rediyo aka karanta.

Tela ne ya fara sallama, igiyar awo na rataye a wuyansa. Bai gama gaisuwa ba taksi ta tsaya a ƙofar gida. Babana yana tsaye bakin ɗakinsa, ya kashe tasa rediyon. Tela ya durƙusa.

"Inna, an kira ƙauyenku. Ɗiyar ƙanwarki tana sansanin ƴan gudun yunwa na bayan gari da yaranta, tana cigiyarki. Ita ƙanwar taki Allah ya yi mata rasuwa a hanya."

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta juya wajen direba.

"Taka fa, mi ta ce?"

"Hakanan ta ce, Inna."

Ta juya wajen babana, wanda ba ta taɓa yarda da rediyonsa ba.

"Ta gidanga fa?"

Ya sunkuyar da kai. Sai a nan ta zauna a ƙasa, ta yi salati. A ranar na gane ba wauta ke yawo da ita ba. Tana so ne a bar mata wata rediyon da ba ta ji ba tukuna, ko ita za ta faɗi wani abu dabam. Kafin magariba direba ya kwaso ɗiyar da yaranta, bai tsaya jin godiya ba. A gidanmu suka girma.

Yau tashar nan tana cikin motata, tana cikin talabijin, tana cikin fartabul, har ɗana da ke waje yana kama ta a kwamfuta. Ba pil, ba yawo, kuma na san sarai baki ɗaya ne. Amma bara, da aka karanta rasuwar telan nan a fartabul, ban san sa'ad da na fita da ɗankwali a hannu na kunna ta mota ba.